Kambun Gwiwar Gwaggo Lauratu

Alje, babban birnin Aljeriya, farkon watan Rajab

Zuwa ga Gwaggo Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Ya'u da mutanen unguwar Sersouf ta Tamanrasset baki ɗaya. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin bakin teku da ya hana ni sakat. Na san kunnenki ba ya ɗaukar magana ta waya, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Harisu, direban kar, babbar motar fasinja ta Tamanrasset, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Tare da takardar akwai ɗan kwali. A ciki za ki ga na'urori biyu ƙanana kamar gidan ashana, kowace da maɗaurinta, da wata 'yar waya. A asibitin da nake aiki muna gwada su a kan masu irin ciwonki, waɗanda guringuntsin gwiwarsu ya cinye har ƙashi yana gugar ƙashi. Ɗaya ki ɗaura a cinya, ɗaya a ƙwauri, ki bar su a jikinki wuni guda, wayar kuma kusa da ke. Safe da yamma ki zauna a kujera, ki miƙe ƙafar, ki riƙe ta, ki sauke a hankali. Daga nan ki tashi tsaye ba tare da kin dafa komai ba. Duk motsin da gwiwar ta yi zan gan shi a kwamfutata, in san ko daidai kike yi ko kina ha'inci.

Ba zan ɓoye miki dalilin gaggawata ba. Yayanki Baba Sa'idu ya kira ni daga In Guezzam. Ya ce in ƙafar nan ba ta tashi ba zai zo ya ɗauke ki, don ba zai bar ƙanwarsa gurguwa a hannun Ya'u ba. Kin san abin da dangi ke faɗi game da zafin hannunsa. Ni kakana da mahaifinki ne kawai 'yan'uwa, ba ni da bakin hana Baba. Amma in kina tafiya da ƙafarki, ba shi da hujja.

Naki,
Salim

Sersouf, ranar Juma'a

Ɗana Salim,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwa, muna lafiya, Allah ya yi maka albarka. Kambunka ya iso. Eh, kambu na ce. Abin da ake ɗaurawa a jiki don ciwo ya tafi, a Damagaram kambu muke ce masa, ko da bature ne ya ɗinka.

Ka ce wa Sa'idu ya ji da shagonsa. Tun muna yara haka yake, ya fi kowa sanin yadda za a gyara gidan wani. Gaskiya ne Ya'u ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi a tashar mota, ya kuma sha ɗauri a kai, amma yaushe rabon duniya da wannan? Yanzu daga rumfar waldarsa sai masallaci sai gida. Shi kaɗai Allah ya bar mini cikin waɗanda na haifa. Shi ke durƙusawa ya ɗaura mini kambun nan da hannuwansa masu kanta, yana tambaya ko ya matse. Har kujera ya ƙera mini ta ƙarfe mai tsayi don tashin ya yi mini sauƙi. Wanda ya raba ni da shi ya kashe ni ne kawai, ko da ya shimfiɗa mini katifar alharini.

Atisayen ina yi. Ranar farko sai da na zagi kakanka, wanda kuwa baffana ne. Amma ka ga ikon Allah, shekaranjiya na je rumfata a kasuwa na auna wa mutane yaji da kanwa a tsaye, ba wanda ya riƙe ni.

To ga wata magana. Maƙwabciyata Mariyamu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, matar Khamisu mai gasa nama, ita ma gwiwarta ta kumbura kamar ƙwarya. Ta ga ina takawa, na kuma ga inda idonta ya tsaya. Mu a nan, wadda ta samu maganin da ya karɓe ta ba ta ɓoyewa. Turmi ma aro muke, balle magani. In ba ta aron kambun kwana biyu?

Gwaggonka,
Lauratu

Alje, tsakiyar Rajab

Gwaggo,

Ina gaisuwa, na ji daɗin labarin kasuwa ƙwarai. Gwiwarki tana lanƙwashewa fiye da yadda ta fara, rawar da take yi in kin miƙe ta ma ta ragu. Sai dai na kama ki. Wajen saukewa kina sakin ƙafar ta faɗi kamar buhun gero, kuma in za ki tashi kina jingina nauyin duka a ƙafar hagu. Amfanin yana cikin saukewa a hankali ne, a nan naman cinya ke yin ƙarfi.

Maganar aro kuwa, a'a, Gwaggo, sam. Na'urar ba ta warkar da komai. Kallo kawai take yi ta kawo mini rahoto, atisayen ne maganin. Da sunanki aka rubuta ta, duk abin da ta aiko naki ne a wurina. Ki koya wa Mariyamu motsin ta yi da kanta, kyauta ne. In na ji kin cire ta kin ba wani, wallahi zan sa Harisu ya karɓo mini kayana. Ki yi haƙuri da kaifin harshen, na san halinki ne.

Salim

Alje, ƙarshen Rajab

Gwaggo,

Ban jira amsarki ba na sake rubutowa. Ina fatan kina lafiya, da gaske nake tambaya.

Ranar Talata da hantsi na ga abin da ban so ba. Ƙafar tana tsaye, sai ta yi sama ta bugi ƙasa da ƙarfin da tsohuwa ba ta faɗuwa da shi ita kaɗai. Ta fara tashi, ta sake faɗuwa ta wancan gefen. Bayan nan ta daɗe a kwance tana makyarkyata. Tun ranar gwiwar ta sandare, ba ta kai rabin inda take kaiwa ba, kamar ba ita ce wadda na yi makonni ina kallo ba.

Na nuna wa babban likitanmu ba tare da na faɗi suna ba. Ya ce mai santsi faɗuwa ɗaya yake yi. Ya ce wannan ya fi kama da wanda aka hankaɗa.

Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya. Wa ya taɓa ki? Ya'u ba ya karanta takardunmu, ko? In yana karantawa, ki gaya wa Harisu da baki.

Salim

Sersouf, ranar Lahadi

Salim,

Muna lafiya, ina gaishe ka. Ba wanda ya taɓa ni. Santsi ne ya ɗebe ni a bakin famfo, shi ke nan. Kai da likitanka ku daina leƙen gidajen mutane ta cikin madubi. Akwai abin da ake gani a kau da kai, in ba a koya muku wannan a lekkol, makarantarku ta boko, ba ni ina koya maka yau. Kada ka kuskura ka kai wa Sa'idu wannan magana, kuma ka cire sunan ɗana daga bakinka.

Jibi zan tafi Abalessa. Aminiyata Bilkisu za ta aurar da ɗiyarta, ni ce mai haɗa turaren amarya, ba zan dawo ba sai an kai ta ɗaki. In ka ji shiru, dalilin ke nan.

Lauratu

Alje, watan Sha'aban

Gwaggo,

Ban san ko wannan takarda za ta shiga hannunki ba.

Kin ce za ki Abalessa. 'Yar wayar nan tana nuna mini unguwar da take, kuma ba ta bar layinku na Sersouf ba ko sau ɗaya. Na'urar tana ɗaure a ƙafa mai rai, tana ɗingishi daga ɗaki zuwa tsakar gida. Jiya bayan azahar aka sake yi, wannan karon ya fi muni. An kayar da ke, an yi ta bugun ƙafar tana kwance, bugu bayan bugu, ina ganin kowanne yana tsalle a kan kwamfuta. Sannan aka ja ki a ƙasa. Na san ja ne, don ƙafar ta yi tafiya ba tare da ta taka ba. Ina zaune a buro, wato ofishinmu, ina kallo.

Na kira Ya'u. Ƙarar injin walda ta cika wayar. Na ce ina Gwaggo, ya ce, "Tana Abalessa mana, lafiya?" Na ce ƙarya kake. Ya ce, "Kai Salim, ka iya bakinka, ina da aiki," ya kashe. Ko ɗar bai ji ba, Gwaggo. Mutumin da zai ja uwarsa a ƙasa ya koma bakin aiki, me ya rage masa?

Yanzu na gane santsin bakin famfo, na gane zancen kau da kai. Rufa masa asiri kike yi, shi kuma zai kashe ki. Na saɓa miki, na kira Baba Sa'idu na faɗa masa komai, na ce ya kulle ki a gida yana cewa kin yi tafiya. Ya taso da 'ya'yansa maza biyu, suna kan hanya. Ki yi fushi da ni yadda kike so, in dai kina da ran yin fushin.

Salim

Sersouf, ranar Asabar

Salim,

Ba gaisuwa a wannan takarda, ba ni da ita. Na dawo daga Abalessa da lalle a hannuna na tarar da jinin ɗana a ƙofar rumfarsa, an zuba masa yashi bai rufe ba. Takardarka na same ta a ƙarƙashin ƙofa. Zauna ka karanta abin da ka aikata.

Kambun yana ƙafar Mariyamu. Tun kafin amsarka ta iso na ɗaura mata, don ba zan iya kallonta tana jan gindi zuwa murhu ni ina takawa ba. Da ka ce a'a, na ce yaro ne, bai san zaman maƙwabtaka ba. Da ka rubuto zancen faɗuwa na san ko wace ce, don ta katanga nake jin yadda Khamisu ke yi da ita. Ta kama ƙafata tana kuka, ta ce in maganar ta fita zai yanka ta. Shi ya sa na ce maka santsi ne. Da zan tafi na bar mata kambun da wayar, ta ci gaba da shan magani.

Ga yadda aka yi, daga bakin waɗanda suka tsaya kallo. Bayan la'asar Sa'idu ya tsayar da mota a bakin rumfar walda da ke jikin gidanmu. Ya'u ya ajiye aiki, ya cire gilashin walda, ya durƙusa zai gaida kawunsa. Sa'idu ya ce, "Ina ƙanwata?" Ya ce, "Tana Abalessa, Kawu." Sai mari. Sa'idu ya ce, "Maƙaryaci, la'ananne! Likita yana kallonta daga Alje, tana cikin gidanka kana jan ta a ƙasa!" 'Ya'yansa suka ɓalle ƙofar gidana da ta ɗakina, suka zazzage gado da akwatuna, ba su gan ni ba. Suka fito suna ihu wai ya kashe ni ya ɓoye gawar.

Unguwa ta taru. Mutanen da yake gyara wa ƙofofi, waɗanda yake sahu ɗaya da su a masallaci. Wani ya ce dama an san za a yi haka. Wani ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira. Ya'u yana da ƙarfin da zai watsar da su ukun, kai ma ka sani, amma ya maida hannuwansa baya yana cewa, "Kawu, a kira Abalessa, a tambaya." Ba wanda ya kira.

Ka san wanda ya riƙe masa hannuwan? Khamisu. Ya baro tukubarsa da man nama a riga, ya shaƙe shi ta baya, yana cewa, "Ku ba shi, ɗan da ke dukan uwa ba mutum ba ne!" Babban ɗan Sa'idu ya ɗauki rodi daga cikin kayan aikin Ya'u. Ya ce ƙafar da aka taka Gwaggo da ita za a karya. Ya sauke masa a gwiwar dama. Mai sayar da ƙosai a tsallaken titi ta ce ta ji ƙarar kamar an fasa tulu. Ya faɗi, suka ɗaga shi, aka ƙara masa a wuri ɗaya. Ƙafar ta juya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Ya yi amai, ya ci gaba da cewa a kira Abalessa har muryarsa ta ɗauke.

Mariyamu tana kulle a gida, tana jin ana ta ambaton likita da ja a ƙasa. Ta tura turmi jikin katanga ta hau, da wannan gwiwar tata, ta faɗo cikin gidana, ta fito ta ƙofar da suka ɓalle. Ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Ta ratsa maza ta tsaya a tsakiya, ta ɗage zanenta har cinya a gaban kowa, matar da ko muryarta ba a ji a waje. Ta ce, "Ga ƙafar da likita yake gani. Ga kuma mai dukanta nan riƙe da yaron mutane."

Khamisu ya sake shi ya bi lungu, har yau ba a gan shi ba. Sa'idu ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Mariyamu da mai ƙosai ne suka tare motar da ta kai shi asibiti.

Ka ce na'urarka kallo kawai take yi. To ta kalla, kai kuma ka yanke hukunci daga inda ko ƙurar garin nan ba ta kaiwa. Ni ma da nawa, ban musa ba, amma ni ban aiko wa kowa da rodi ba.

Lauratu

Alje, ranar Laraba

Gwaggo,

Na karanta. Na ga gwiwa ta canza a rana ɗaya, maimakon in tambayi ko ta wace ce, sai na tambayi wa ya dake ta, don tun farko na riga na ajiye sunan Ya'u a raina. Ki yafe mini in za ki iya, shi kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ki roƙi likitocin hoton ƙashin ki ba Harisu. Akwai masu aikin gwiwa a nan da zan nuna wa. Na nemi izini a wurin aiki, zan biyo kar ɗin mako mai zuwa. Yaya Mariyamu? Yaya taki ƙafar?

Salim

Sersouf, azumi saura kaɗan, da hantsi nake rubutawa

Salim,

Na amsa gaisuwarka wannan karon, don azumi na tafe kuma ba na so ya same ni da gaba. Amma kada ka zo. Ya'u ya ce in ya ga fuskarka ko ta Sa'idu zai ja jiki ya bar asibitin. Ga hoton ƙashin nan, ga kuma kwalinka, komai na ciki. Mariyamu tana ɗakina, 'yan'uwanta za su zo daga Agadas su tafi da ita. Sa'idu ya zo da rago wai na ban haƙuri, har yana cewa yanzu ai dole in bi shi tunda ba mai kula da ni. Da muciya na raka shi har mota.

An yi wa Ya'u aiki, an sa ƙarafa. Likitan ya ce zai taka, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwashewa ba. Mai walda da ba ya tsugunawa, ka faɗa mini wane aiki zai yi.

Ba ƙafar ce ta fi damuna ba. Ran da ya farfaɗo sosai na zauna kusa da shi, na ba shi labarin komai, har takardar da na ce maka santsi ne. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Inna, da Salim ya tambaye ki wa ya taɓa ki, kin san ni yake nufi?" Na ce na sani. Ya ce, "Kika rufa wa matar maƙwabci asiri, kika bar ni a buɗe." Na ce ban zaci za ta kai haka ba. Ya ce, "Duk unguwar nan ba wanda ya ce ba zan aikata ba. Na ɗauka ko ba kowa, ke kin faɗa da ƙarfi." Daga nan ya juya fuskarsa bango. Ya gaya wa mai jinyar gadon kusa cewa in an sallame shi arewa zai yi, inda ba a san shi ba, kuma shi kaɗai.

Ka tambayi ƙafata. Ta yi kyau, Salim, aikinka ya ci. Ba na neman mota, ba na riƙe sanda. Kullum da safe ita ke kai ni asibiti da kwanon kunu, in tsaya a kansa in ce Ya'u ga ni, in ajiye. Da yamma ita ke maida ni in ɗauko kwanon yadda na ajiye shi.

Gwaggonka,
Lauratu